Shaidar Ɗan Aike

Shekara goma sha ɗaya ina wannan biro na Filato,
Ni ke buɗe ƙofa, ni ke kai takarda, ni ke dafa shayi.
Mai ɗauke da faranti ba a ɓoye masa komai,
Don an manta yana da ido, an manta yana ji.

Zalika ta zo mana daga Harobanda,
Kullum ta ƙetare gada kafin bakwai da rabi.
Lissafi take, ko dala ba ta ɓace mata.
Ranar farko shugaba ya ce, "Wannan turare fa?"
Aka yi dariya.
Ni ma na yi, Allah ya gafarta mini.

Daga turare aka koma kan zane,
Daga zane sai saƙon waya da tsakar dare,
Daga nan sai, "Tsaya in an tashi, akwai sauran aiki."
Wata Laraba na shiga da kofi na biyu,
Na iske hannunsa a kan wuyanta.
Ita ta sandare kamar turmi,
Idonta a bango, wajen kalanda.
Na aje shayi, na ce a sha lafiya,
Na fita.
Hannuna ne ya ja ƙofar, ba wani ya sa ni.

Da ta ƙi, sai komai nata ya zama laifi.
Horon Dosso da aka rubuta sunanta, Illiyasu ya tafi,
Wai mace ba ta jure hanya, wai gobe ma ciki ne.
Ƙarin albashi ya zagaye teburinta ya wuce.
Aka mai da kujerarta lungun da fanka ba ta kaiwa,
Wajen cin abinci ana ta raɗa:
Wa ya aike ta sa jan baki?

Ashe tana da ɗan littafi mai shuɗin bango,
Irin na yaran firamare.
Rana, sa'a, wuri, da abin da aka ce, kalma kalma.
Saƙonni kuwa ko ɗaya ba ta goge ba.
Ta same ni bayan biro ina wanke kofuna,
Ta ce, "Baba Albade, ranar Laraba ka gani.
Za ka faɗa?"

Na tuna hayar ɗaki a Bukoki,
Na tuna buhun hatsi da maganin hawan jinin Habsu.
Na buɗe baki in ce mata mahaƙurci mawadaci,
Maganar ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi.
Ba ni da ɗiya da zan ce ita na tuna.
Ƙarar ƙofar nan ce kawai,
Kwana huɗu ta hana ni barci.

Litinin muka fara da wakiliyar ma'aikata,
Ta karanta, ta cire tabarau, ta sake karantawa.
Alhamis muka hau faba-faba
Zuwa wurin sufeton ƙwadago.
Zalika ta yi magana, murya na rawa, amma ba ta tsallake layi ba.
Da aka zo kaina na ce ban iya boko ba,
Amma na iya Laraba, na iya bayan la'asar,
Na san inda hannu yake da inda bai kamata ba.
Na dangwala yatsa.
Tawadar ta kwana biyu a farcena.

Har yau maganar tana hannun hukuma,
Ban san inda za ta kwana ba.
Shugaba ya daina amsa gaisuwata,
Illiyasu in ya hange ni sai ya kama waya.
Amma jiya wata daga ofishin bene ta sauko,
Ta tsaya jikin teburin Zalika tana murza mayafi,
Ta tambayi inda ake sayar da irin littafin.

Ni dai na samo dutse a bakin titi.
In na kai shayi yanzu,
Sai in tokare ƙofa da shi,
In koma benci, inda kowa ke ganina, nake gani.